Shekarar Ayarin Gishiri

Na san abin da kuke faɗa idan na shiga ɗaki na ja ƙofa. Kuna cewa Baba ne ya kashe wa Yaya Sadiq gem ɗinsa, ya tsaya gaban jama'a ya kunyata ɗan cikinsa. Labarin ya yi ta yawo a bakin dangi har ya canza kama, domin na ji wata gwaggonku tana ba da shi a gidan suna, wai sanda na ɗauka na farfasa masa kwamfutoci. Ban fasa komai ba. Yanzu da ido ya yi rauni, gwiwa kuma ta hana ni zuwa ko'ina sai masallacin layinmu, na ga gara in rubuta muku abin da ya faru yadda na gan shi. Ba neman a wanke ni nake yi ba. Na dai gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba sa wurin.

Ku da kuka taso kuka tarar da ni da furfura, ba za ku gane yadda abin ya shiga jinina ba. Ina ƙaramin ma'aikaci a ma'aikatar ayyuka, ina haya a ɗaki ɗaya a Unguwar Kanawa, wani abokin aikina ya dawo daga kwas a ƙasar waje da wata 'yar na'ura mai cin kaset da ake jonawa a talabijin. Ranar da na fara riƙe hannun gem ɗin nan, tuwon da na saya ya huce a kwano ban sani ba. Daga nan ban sake rabuwa da shi ba. Na yi aure, na samu ƙarin girma, muka dawo gidan nan na Unguwar Rimi, na'urori suka yi ta canzawa, ni dai ina nan. Garejin da kuke ajiye buhunan masara yanzu, a da nan ne majalisarmu ta Asabar. Bayan la'asar za mu hallara, mu 'yan tsiraru, duk magidanta, wasu da sanƙo wasu da tumbi, a tayar da janareto, a dafa shayi, a yi ta bugawa har a kira magariba. Maƙwabta sun yi dariya sun gaji. Mahaifiyarku ta yi faɗa ta gaji, daga baya ta ce gara wannan da yawon majalisar bakin titi, ko ba komai ta san inda mijinta yake.

A cikin garejin nan Sadiq ya girma. Tun bai iya magana sosai ba nake ɗora shi a cinya in ba shi hannun gem da ba a jona ba, ya yi ta dannawa yana ihu, a zatonsa shi ke cin wasan. Sauran yara ƙwallo suke so da tseren mota. Shi kuwa ya bi ni, ya fi son irin wanda 'yan gem ke kira arfiji, wato wasan da za ka shiga rigar wani mutum ka rayu a matsayinsa, ka yi tafiya gari zuwa gari, ka haɗu da mutane, ka zaɓi abin da za ka yi, zaɓin kuma ya biyo ka har gaba. Irin wannan wasa ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Sai ka yi watanni kana ciki.

Ya karanta ilimin kwamfuta, ya samu aiki a wani ofishin gwamnati, aiki mai kyau da fansho a ƙarshensa. Bai daɗe ba ya zo ya durƙusa a falo ya ce zai ajiye. Shi da wani abokinsa Faruk, ɗan wani ɗan kasuwa daga Kano, za su ƙirƙiri arfiji na waya da Hausa zalla. Hajiya mahaifiyarku, da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, ni ta juyo ta kalla.

"Alhaji, ka ji abin da ɗanka yake faɗa? Mutane na layi suna neman aikin nan da kuka, shi zai ajiye ya je ya yi wasa. Kai ka koya masa, sai ka hana shi."

Ban hana shi ba. Na tambaye shi labarin wasan, ya ce labarin fatake ne. Za ka fara a matsayin yaron ayari mai jan jaki, ka bi masu kai gishiri daga arewa zuwa kudu, ka zaɓi ko za ka zama maƙeri, ko mai magani, ko mai gadin ayari, har wata rana ka zama madugu. Sunansa Ayarin Gishiri. Kakana bafatake ne daga ƙasar Katsina, kuma na sha ba yaran labarinsa. Da na ji haka sai na ce Allah ya sa albarka. Hajiya ta tashi ta shige kicin, ta yi ta buga tukwane kamar su suka yi mata laifi.

Sun kama ɗaki a saman wani shago a Doka, suka yi shekaru suna abu ɗaya. Sadiq ya rame, ya daina zuwa biki, rigunansa suka koɗe. Shi ke rubuta labarin, shi ke haɗa wasan, shi ke bin wani mai zane har gida. Faruk shi ne mai baki, shi ke fita neman masu sa hannun jari da masu tallatawa. Ban taɓa ƙin yaron ba. Yana da ladabi, yana cire takalmi tun daga bakin get, amma duk maganar da zai yi sai ta ɗan fi gaskiyarta girma.

Farkon damina suka saki wasan. Abin da ya bambanta shi da waɗanda na saba, kowa a duniya ɗaya yake bugawa ta intanet. Idan ka isa zango za ka ga sauran 'yan wasa suna yawo a kasuwa, kowa da sunansa a saman kansa, ka iya yi musu magana, ka iya cinikin kaya da su. A saman allo kuma akwai lamba da ke nuna yawan waɗanda ke ciki a lokacin. Tun makon farko lambar nan ta haura dubbai. Gidan nan ya ɗauki murna. Zainab, ƙanwarsa, ta yi ta yawo da waya tana nuna wa kowa. Hajiya da kanta ta sa aka yi waina aka rarraba wa maƙwabta, tana cewa dama ita ta san yaron nan ba zai tashi a banza ba. Ni kuwa na sa tabarau na shiga wasan, na ga raƙuma suna tafiya a jere, na ji ana kiran kaya da Hausar da kakana yake yi. Ba zan ɓoye muku ba, na share hawaye.

Ranar Asabar ta biyu da fitowar wasan ne Injiniya Bala ya ɓata mini shayi. Bala abokina ne tun Unguwar Kanawa, mutum ne da bai taɓa yarda da abu ba sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Ya ajiye wayarsa a kan benci ya ce:

"Alhaji, wasan ɗanka ya yi kyau, ban musa ba. Amma ina mutanen?"

Na ce, "Ga su nan cike da kasuwa, ko idonka ne ya fara tafiya?"

"A waya na gan su. A gari nake tambaya. Na zaga shagunan gem na Kawo, na leƙa na Unguwar Sarki, kowa ƙwallo yake bugawa. 'Ya'yana ba su san wanda ke yinsa ba, abokansu ma haka. Dubban nan a wace unguwa suke kwana?"

Sauran suka ɗauka. Wannan ya ce a dandalin 'yan gem na intanet ma maganar da ake yi ke nan, wai wasan da aka ce ya cika gari amma ba wanda ya taɓa ɗora bidiyon kansa yana bugawa. Wancan ya ce ai arfiji ba ya farin jini haka a ƙasar nan, mu da muke sonsa mun san yawanmu. Na ji zafi ƙwarai. Na ce musu hassada ce, da Bature ne ya yi da tuni sun yi layi suna yabo. Na ce Hausawa ba a Kaduna kaɗai suke ba, akwai Nijar, akwai Ghana, akwai Sudan. Bala bai yi musu ba, ya dai kurɓi shayinsa ya ce in je in yi hira da ɗaya daga cikinsu, in dawo in ba shi labari.

Ban so in gwada ba, amma maganar ta ƙi barina. Da safe bayan na karya, na zauna a baranda na shiga kasuwar zangon farko na tsaya kawai ina kallo. Wanda ya daɗe yana gem ya san tafiyar mutum. Mutum yana karo da bango, yana tsayawa ba dalili saboda an kira shi a gida, yana zagaye abu don son sani. Waɗannan kuwa tafiyarsu sumul. Na ga wata mai suna a kanta tana zuwa rijiya tana dawowa, tana zuwa tana dawowa, ba ta taɓa ɗiban ruwan ba. Na tayar wa wani ciniki, na ba shi igiya ya ba ni raƙumi, bai ko ja ba. Sai na rubuta wa wani cewa an yi mini rasuwa yau. Ya amsa mini da cewa madalla, sai mun haɗu a zango na gaba. Na rubuta wa na kusa da shi, shi ma haka ya ce, harafi bai canza ba. Na ajiye wayar a cinya. Ruwa ya fara saukowa, ina zaune yana feso mini a ƙafa ban matsa ba.

Washegari na hau Keke Napep na tafi Doka. Na tarar da Sadiq shi kaɗai, idanunsa jajaye, kwanon indomi a gefen kwamfuta. Ya miƙe da sauri ya ba ni kujerarsa. Ban yi dogon zance ba, na tambaye shi mutanen kasuwar nan su wane ne. Ya sunkuyar da kai ya ce:

"Mutum-mutumi ne, Baba. Kwamfuta ce ke tafiyar da su."

"Lambar da ke sama fa?"

"Da su ake ƙirgawa."

Na ce mutanen gaske nawa ne. Ya ce idan aka tara su ba za su cika bas ɗaya ba. Sai kuma bakinsa ya buɗe, ya yi ta magana kamar wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ya ce ranar farko kasuwar wayam take, duk wanda ya shigo ya ga ba kowa sai ya fita bai dawo ba. Faruk ne ya kawo shawarar a zuba na bogi su riƙe wurin kafin na gaske su zo. Ya ce kowa haka yake yi, har manyan kamfanoni. Ya ce ba wanda aka cuta, ba a karɓi kuɗin kowa ba. Sannan ya faɗi abin da ya fi damuna. Wani kamfani daga Legas ya ga lambar, yana son ya zuba jari, wakilansa za su zo taron da aka shirya a wani otal a nan Doka. Kuma Faruk ya riga ya sanar cewa tsohon ɗan gem na Kaduna, mahaifin mai wasan, zai yi jawabi.

Na ce, "To ka ga an zo wurin cutar. Mutanen nan lambar suka gani za su saya. Ka cire sunana."

"Baba, shekaruna ne a ciki. Idan suka sa hannu za mu yi talla, mutanen gaske su zo, in cire na bogin ba wanda ya sani. Wata biyu kawai nake nema."

Na ce ya faɗa musu gaskiya, wasan yana da kyau, zai iya tsayawa da ƙafarsa. Ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, ya ce ba wanda ke sayen kyau, yawa ake saya.

A gida Hajiya ta riga ta ji, domin ya kira ta kafin in iso. Ta same ni a ɗaki ta zauna a bakin gado, abin da ba ta cika yi da rana ba. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Alhaji, ni ban san gem ba, ban san mutum-mutumi ba. Na san dai yaron nan ya bar aikinsa da izininka. Ranar da na ce ka hana shi, albarka ka sa masa. Yanzu da ya kai bakin ruwa za ka janye hannu? Ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Ka je ka zauna, a ga ubansa a wurin."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, na ga yadda ake ƙawata rahoto, na ga an ƙaddamar da rijiyar burtsatse da ruwan da aka kawo a tanka. Ban taɓa sa hannu a irin wannan ba, abin da ya sa na daɗe a kujera ɗaya ke nan. Amma waɗancan ba 'ya'yana ba ne. A ƙarshe na kira Sadiq na ce zan zo, zan faɗi abin da na gani mai kyau a wasan, da sharaɗin kada kowa ya tambaye ni yawan 'yan wasa. Ya ce ya yi alkawari. Na san alkawarin bai fi ƙarfin bakin jama'a ba, shi ma ya sani, amma muka bar shi a haka.

Ranar taron zauren ya cika da matasa, kusan kowa da waya a ɗage. Baƙin Legas na zaune a gaba, mace ɗaya da namiji ɗaya. Faruk ya sha babbar riga yana ta zuba, a bayansa ga allo ana nuna kasuwar zango maƙil da jama'a. Da aka kira ni aka yi ta tafi ana dariya, tsoho da hula da carbi wai ɗan gem. Na yi magana a kan abin da na sani. Na ce na buga wasanni da yawa a rayuwata, na zama jarumin ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, amma sai yanzu na shiga wasa na ji ana magana kamar a gidan kakana. Na ba su labarin wurin da jakinka zai karye a hanya, dole ka zaɓa ko ka bar shi ko ka raba kayansa a kan abokan tafiya su yi ta yi maka gori. Na ce wanda ya rubuta wannan ya san mutane. Na hango Sadiq a gefen dandamali yana murmushi. Na juya zan sauka.

Sai wata yarinya ta miƙe daga tsakiyar zauren, da hijabi ruwan toka, ba ta jira an ba ta lasifika ba.

"Baba, don Allah tambaya ɗaya. Mu 'yan gem mun daɗe muna gardama a kan wannan. An ce mana hassada muke yi. Kai ka fi mu daɗewa a harkar nan, kuma ba ka da dalilin yi wa wasan hassada. Mutanen da ke cikin kasuwar nan, mutane ne?"

Faruk ya matso da sauri yana cewa lokaci ya ƙure, yana miƙo hannu zai karɓi lasifikar. Kun sha cewa da na ba shi kawai na sauka. Na yi wannan tunanin a tsaye a wurin. Amma yarinyar ni ta tambaya, ta kuma faɗi dalilin da ya sa ta zaɓe ni, wato ta yarda ba zan yi mata ƙarya ba. Da na miƙa lasifikar na yi murmushi na sauka, Faruk zai ce mutane ne, furfurata kuma ta zama shaidarsa. Abin da aka kawo ni in yi ke nan tun farko, sai a lokacin na gan shi sarai. Na dubi Sadiq. Bai girgiza mini kai ba, bai roƙe ni da ido ba. Kallona kawai yake yi.

Na ce, "'Yata, wasan na gaske ne, ɗana ya sha wahalarsa, kuma ban taɓa buga wanda ya fi shi ba. Mutanen kasuwa kuwa, yawancinsu ba mutane ba ne."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ba. Bidiyon da ya zaga gari rabin ƙarshen kawai ya ɗauka. Kafin in iso gida an riga an yanka shi, an sa masa kiɗa, an rubuta a ƙasa wai uba ya tona asirin ɗansa. Baƙin Legas ko abincin taron ba su tsaya ci ba. 'Yan gem da suka yi ta shakka suka samu abin da suke so, suka yi ta murna a intanet kamar an ci kofi, kowa na cewa dama ya faɗa. Ba wanda ya tsaya ya ce bari in buga wasan in gani. Faruk ya fitar da sanarwa cewa shi harkar talla kawai ya sani, ya tattara ya koma Kano.

Asabar ɗin da ta biyo baya Bala ya shigo gareji yana washe baki, ya miƙo mini hannu wai ya zo ya gaida namijin duniya. Na ce masa ya ɗauki hularsa ya tafi. Gaskiya ya faɗa tun farko, ban musa masa ba, amma ban ga abin murna a ciki ba. Ya fita ransa a ɓace. Sauran suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, kafin kaka majalisar ta mutu. Mun shirya da Bala daga baya, a wurin jana'izar wani abokinmu, amma ba mu sake zama mun buga komai tare ba.

Sadiq bai yi mini rashin kunya ba, ko sau ɗaya. Da ma ya yi. Ya zo gida ya gaishe ni kamar kullum, ya shiga wurin mahaifiyarsa suka daɗe. Da kansa ya cire mutum-mutumin duka, ya rubuta wa jama'a ya ba da haƙuri, bai ambaci sunan Faruk ba. Ya bar wasan a buɗe na wasu watanni, lambar da ke sama tana nuna gaskiya, wani lokaci mutum huɗu, wani lokaci ɗaya. Daga baya ya rufe shi, ya sayar da kwamfutocin, ya samu aiki a wani kamfani a Abuja yana kula musu da na'urori. Yakan kira Hajiya su yi ta hira, in ta miƙo mini wayar sai gaisuwa, ya jiki, ya ƙafa, Allah ya ƙara lafiya, shi ke nan. Hajiya kuwa ba ta taɓa ce mini na yi laifi ba. Ta dai daina kawo mini abinci da kanta, sai ta aiko Zainab. Haka muka zauna a gidan nan kusan shekara, kowa na ladabi da kowa, ba mai dariya. Ku kanku kun san lokacin, ko da ba ku san dalilinsa duka ba.

Ya yi aure, ya haihu, muka yi duk abin da ake yi. Maganar wasan dai ba ta sake shiga tsakaninmu ba sai bara, da aka ce za a yi mini aikin ido. Ya ɗauki hutu ya zo ya kai ni asibiti da motarsa. A hanyar dawowa muka faɗa cunkoso wajen Kawo, ga rana, ga masu tallar ruwa suna bi ta tsakanin motoci, ni kuma ido ɗaya a rufe da auduga. Sai ya ce, yana kallon gaba:

"Baba, abin da ka faɗa ranar nan, wai ba ka taɓa buga wanda ya fi shi ba. Don ka rage mini zafi ka faɗa?"

Na ce, "Na kai ƙarshensa kafin ka rufe."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Ya ce ya ga alamar mutum ɗaya ya kai ƙarshe, bai taɓa sanin ko wane ne ba, domin ba sunana na sa ba. Ko Faruk bai wuce zango na uku ba. Na ce ni ne, ni kaɗai a hanya, kasuwanni duk wayam, har na zama madugu na komo da ayarin gida. Na ce a ƙofar gidan akwai wani tsoho zaune a tabarma, wanda bai tambaye ni ribar da na samo ba, ya ce in lissafa masa sunayen waɗanda na fita da su in faɗi inda kowa yake. Na ce tsohon nan na ga kamar na san shi.

Ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Hularka ce kawai na ara, Baba."

Na ce har da sanƙon. Ya yi dariya, ta gaske, har ya dafa sitiyari, sai kuma dariyar ta tsaya, ya sa bayan hannu ya goge fuska. Na bari ya nutsu, sannan na tambaye shi ko zai sake yin wani.

"A'a, Baba. Na gaji."

Na ce, "Ni ma."

Motar gabanmu ta motsa, na baya suka fara danna ham. Ya sa giya, ya ce in kwantar da kujera in rufe ɗaya idon, zai tashe ni idan mun iso gida.